Gardamar Yaya da Muryar Umma

Zuwa ga ƙanena, Autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, ina roƙonsa ya sa ta iso hannunka kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar takwarar Umma. Allah ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke, ya sa wahalar da kake sha a baƙon wuri ta zama alheri, ya haɗa ka da maƙwabta da abokan aiki nagari, ya raya mana yarinya cikin albarka. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah da kewarku.

Baba yana nan da ƙarfinsa daidai gwargwado. Gwiwar nan ta dama ce ke damunsa, likita ya ce ya riƙa tafiya da sanda, shi kuwa ya ce sanda ta tsofaffi ce. Don haka yana fita da ita, amma a hammata yake maƙale ta har ya je bakin titi ya dawo. Na yi faɗa har na gaji, yanzu na zuba masa ido. Hoton yarinya da ka turo na sa an wanke masa, ya daɗe yana kallo, ya ce goshin nan na Umma ne ba tantama, hancin kuma Allah ya taimake ta ba ta ɗauko naka ba. An gyara rufin ɗakinka da ke yoyo kafin ruwa ya yi mana ɓarna. Maigidana lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya sha masa kai. Babban ɗana muryarsa ta fara buɗewa, in ya yi sallama sai in jawo mayafi ina zaton baƙo ne. Ni kuma ina nan da 'yan makarantata, bana aji huɗu aka ba ni, yaran sun fi kujerun yawa, amma muna lallaɓawa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu maimakon faifan da ka ce a aiko maka, alhali ga waya. Na gwada wayar. Na sha ɗauka in kira ka, sai in ga in na fara za ka katse ni da tambaya, ni kuma in fashe da kuka, a ƙare ba ka ji komai daidai ba. Saboda haka bari in faɗa tun a nan don kada in bar ka cikin zullumi. Muryar Umma da ka ɗauka a watannin jinyarta, wadda ka juye a tsohuwar kwamfutarka kafin wayarka ta lalace, ta salwanta. Hirarrakin nan da kake zaunar da ita tana ba ka labarin ƙuruciyarta da danginta, waɗanda kake so 'yarka ta ji in ta yi wayo, babu su, sai ɗan abin da zan faɗa maka a gaba. A hannun Yaya, babban wanmu, abin ya faru, kuma ina tsaye a wurin. Shi da kansa ya ce in rubuto maka, ya ce kada in sassauta masa ko kalma ɗaya. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Halin Yaya dai ba sai na faɗa maka ba. Mutum ne da za ka zage shi ya yi dariya, amma ka faɗi abu ba daidai ba a gabansa, ko da a kan wa ya shuka bishiyar ƙofar gida ne, ba zai bar ka ka tashi ba sai ya gyara maka. Tun muna yara haka yake, kuma da ya buɗe shagon gyaran kwamfuta sai abin ya samu wurin zama. Mafarin wannan magana wani mai ɗaukar hoto ne da ke layin shagon. Kwamfutarsa ta kamu da bairos, duk hotunan mutane na aure da na makaranta suka ɓace daga allo. Ranar Yaya ba ya nan, sai mai hoton ya kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa. Shi kuma ya sa manhajar riga-kafi, antibairos ɗin nan, ta kama ƙwayar ta faɗi sunanta, ya shiga shafin kamfanin da ya yi manhajar ya karanta bayanin da suka rubuta a kanta. Bayanin ya ce ƙwayar tana shafe duk abin da ke cikin kwamfuta ne ɗungurungum, ba a iya dawo da komai. Da ganin haka sai ya yi wa kwamfutar fomatin, wato ya wanke ta tas ya zuba mata sabuwar manhaja, ya miƙa wa mai hoto abinsa fanko. Da labari ya iso wa Yaya sai da ya dafe kai. Ya ce wannan bairos ya san shi kamar yunwar cikinsa, ya cire shi a kwamfutoci ba adadi, kuma ba ya shafe komai, ɓoye foldoji kawai yake yi, in ka san inda za ka taɓa sai su dawo lafiya lau. Ya ce hotunan mutumin nan suna nan da ransu har lokacin da aka wanke su, bayanin kamfani ne ya kashe su. Mai hoto kuwa har yau amare da anguna na sintiri a ƙofarsa, ya rasa bakin da zai yi musu bayani.

Akwai wani zaure a intanet da masu gyaran kwamfuta ke haɗuwa, na kusa da na nesa, ana tambaya ana amsawa. Nan Yaya ya kai ƙara. Ya rubuta cewa bayanin nan kuskure ne, kada kowa ya sake wanke kwamfutar mutane saboda shi. Bai tsaya nan ba, ya tono wani bayani da kamfanin ya rubuta tun da daɗewa a kan wata tsohuwar ƙwaya dabam, ya jera su biyu, sai ga su iri ɗaya sak, suna kawai aka sauya. Ya leƙa shafukan wasu kamfanonin riga-kafi guda biyu. Ɗaya ya ce satar lambobin sirri ƙwayar take yi, ɗayan ya ce ba ta da wani haɗari, talla kawai take cika wa mutum allo da shi. Ni da ya nuna mini na ce ai magana ta ƙare, tunda su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Ashe nan ta fara. Wani mutum ya fito, ba mu san sunansa ba, hoton tabarau kawai ya sa a shafinsa, don haka Yaya ya laƙaba masa Mai Tabarau. Da alama ya leƙa hoton shagon da Yaya ya sa, domin cewa ya yi shi bai ga yadda za a yi mai shago ɗaya da fanka ɗaya ya ƙaryata kamfanin da ke da ɗakunan bincike da ƙwararru ba. Ya ce in Yaya ya ga foldoji sun dawo, to wata ƙwayar ya gani ba wannan ba. Ya kuma ce irin wannan shisshigi ne ke sa mutane su daina yarda da riga-kafi gaba ɗaya, su bar kwamfutocinsu a buɗe kowane tarkace ya shiga. In faɗa maka gaskiya, wannan ta ƙarshen ba maganar banza ba ce, amma ta fankar ce ta shiga ran Yaya.

Daga nan zaure ya rabu biyu. Masu gyara irin Yaya, da suka saba ganin abu da idonsu, suka bi bayansa, kowa na kawo labarin inda bayanin kamfani ya taɓa kai shi ya baro. Masu takardun shaida suka bi Mai Tabarau. Wasu kuma kallo kawai suka zo, in ƙura ta fara lafawa sai su jefa wata tambayar don ta sake tashi. Ka san ina biyawa ta shagon in an tashi makaranta, in zauna a kan bencin nan in duba littattafan yara kafin rana ta yi sanyi. Da can hira muke yi. Sai na koma ina tarar da shi ya sunkuyar da kai cikin waya, ga kwamfutar mutane a buɗe a kan tebur, ga ƙarfen dalma ya yi zafi yana hayaƙi ba mai kula shi, shi kuwa yana rubuta wa Mai Tabarau amsa da babban yatsa yana cije leɓe. Matarsa ta ce mini a gida ma haka ne, har ta fara kishin mutumin da ba ta san fuskarsa ba. Na tsokane shi na ce ko dai gado kuke rabawa, ya ce in ya yi shiru gobe wani mai hoton ne zai yi asara. Na san da gaske yake, ko da yake na san akwai fankar ma a ciki.

A tsakiyar wannan hayaniya wata baiwar Allah ta rubuta abin da na fi tunawa yanzu. Ta ce ta taɓa aiki a irin waɗannan kamfanoni, kuma sabbin ƙwayoyin da ke shigowa kullum sun fi ƙarfin a ce mutum ya zauna ya bi kowace ya rubuta halinta. Na'ura ce ke dubawa, in ta ga wannan ta yi kama da waccan sai ta ba su suna ɗaya, a manna musu bayanin da ke ajiye. Ta ce sunan da antibairos ke faɗa sunan dangi ne, kuma a cikin dangi ɗaya akwai mai ɓoyewa akwai mai cinyewa. Babu wanda ya tanka mata, domin ba ta zagi kowa ba. Yaya ya karanta mini ya ce ai bayansa take goya, ya wuce. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, don na tuna yadda muke cike katin sakamako a ƙarshen zango, yara rututu lokaci kaɗan. Ka rubuta wa wannan yana da ƙoƙari amma akwai surutu, ka rubuta wa na bayansa haka, in ƙanin wani fitinanne ya shigo aji a ce ai 'yan gidan nan haka suke. Uba ya karanta a gida ya hukunta yaro a kan abin da aka kwafo daga katin wani. Ban faɗa wa Yaya wannan ba, na ci gaba da duba littattafaina.

Ana cikin haka saƙonka ya zo cewa Kawu zai taho wajenku, a juye maka muryar Umma a ba shi. Na faɗa wa Yaya, ya je ɗakinka ya ɗauko kwamfutar ya kawo shago, ya busa mata ƙura, ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Ya sayo sabon faifan ajiya ɗan ƙarami irin na sawa a aljihu, ya jona shi ta baya, wai ramin baya ya fi sauri, ya juye komai a ciki. Na gan shi yana bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar sun shiga. Bai kunna ko ɗaya ba, ni ma ban ce ya kunna ba, ka san tun rasuwarta babu wanda ya iya a cikinmu. Cewa muka yi a kai maka tukuna, in zuciya ta yi ƙwari sai mu saurari na gida. To a ranar ce Mai Tabarau ya rubuta cewa ya gaji da dogon surutu, in Yaya ya isa ya nuna a bidiyo kowa ya gani. Kuma an yi dace, ko in ce an yi rashin dace, wani ya kawo filashi, irin ɗan faifan ajiyar nan, a 'yan kwanakin, antibairos ya ce akwai ƙwayar a ciki, sunan nan dai da ake gardama a kansa. Yaya ya dubi kwamfutarka ya ce ga tsohuwar manhaja irin wadda ƙwayar ke so, ga foldoji cike da kaya na gaske, ga shi an riga an kwashe komai, babu abin da ya fi ta dacewa da gwaji. Na tambaye shi ko ya tabbata, ya yi mini kallon nan da yake yi mana muna yara in mun tambaye shi ko ya kulle ƙofa. Ya ce in ajiye jan biro in riƙe masa waya.

Bayan la'asar ne, layin ya ɗan yi shiru. Ya share tebur, ya ture gwangwanin kusoshi gefe, har fankar ya jawo kusa don ta fito a hoto, wai Mai Tabarau ya gaisa da ita. Muka yi dariya. Ya yi bayani tiryan-tiryan kamar malami, ya nuna foldojin, ya zare wayar intanet ya ɗaga ta sama don kowa ya ga shi mai kiyayewa ne, ya kashe riga-kafin, ya sa filashin ta gaba ya danna. Ya ce yanzu za a ga foldoji sun ɓace, shi kuma ya dawo da su a gaban kowa. Muka jira. Foldoji ba su ɓace ba. Ya ce wani sa'in yakan ɗan jima. Kwamfutar ta fara wani gurnani, ƙaramar fitilarta na ƙyaftawa ba tsayawa. Daga inda nake tsaye ina hango wata 'yar fitila shuɗiya a bayan kwamfutar, cikin tarin wayoyi, ita ma tana ƙyaftawa, amma ni malamar firamare me na sani, na ɗauka haka take yi. Shi kuwa ya ci gaba da magana don kada bidiyo ya yi shiru, yana ba da labarin mai hoto. Can ya ce bari ya buɗe hoto ɗaya kafin nan. Ya danna, ya ƙi buɗewa. Ya danna na biyu, haka. Sunayen suna nan, amma cikinsu an cinye. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba, Auta. Maganar ta maƙale masa a tsakiyar kalma. Ya miƙe ya leƙa baya, ya ga faifan nan da ya juye komai a ciki yana nan jone, bai cire shi ba. Ya fizge wayar wuta daga bango da ƙarfi har gwangwanin ya kife. Ni kuma ina riƙe da waya ina ta ɗauka, domin ba wanda ya ce in daina, ba ka jin komai sai ƙarar kusoshi na gangarawa ƙarƙashin benci.

Abin da waccan baiwar Allah ta faɗa ne ya faru. Sunan ɗaya ne, amma ƙwayar da ke cikin filashin ba wadda ya saba da ita ba ce, 'yar uwarta ce mai bin fayil ɗaya bayan ɗaya tana zuba shirme a madadin abin da ke ciki, ta bar maka suna. Ta bi kwamfutar, ta bi faifan. Abin da ya fi cin ransa, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, shi ne ya ɓata lokaci yana ce wa duniya kada a yarda da bayanin da kamfanin ya rubuta, amma shi ya yarda da sunan da kamfanin nan dai ya ba shi, bai bincika ba. Kuma cire faifan kwafi kafin gwaji abu ne da yake koya wa duk wanda ya zo koyon aiki tun ranar farko. Ya ce hankalinsa yana kan Mai Tabarau ne, kamar mutumin yana tsaye a bakin ƙofa. Ya rufe shago kwana da kwanaki, ya gwada duk dabarar da ya sani da wadda bai sani ba. Hotuna an samu wasu, wasu kuma dama muna da su a wayoyinmu. Muryar ce dai babu. Fayilolin suna nan jere da sunayen da ka sa musu, Umma labarin kakanni, Umma ranar da aka sallamo ta, amma in an danna ko su ƙi buɗewa ko su yi ta shuu kamar rediyon da ya rasa tasha.

Na ce masa ya goge bidiyon, ya ƙi. Ya sa shi a zauren yadda yake, bai yanke komai ba, har da kifewar gwangwani, ya rubuta a ƙasa abin da ke cikin kwamfutar da kuma na wane ne. Da farko 'yan kallo suka yi ta shewa. Mai Tabarau ya rubuta cewa ai ga shi nan, kamfani ya yi gaskiya. Bayan ɗan lokaci, ina jin sai a sannan ya karanta rubutun ƙasan, ya goge maganarsa ya rubuta ta'aziyya da ban haƙuri, ya ce shi ne ya tunzura. Har ya ƙara da cewa in za a bi gaskiya, ko wannan ɗin ba yadda kamfanin ya rubuta ta yi ba, tunda ba ta shafe kwamfutar ba. Ka ga ke nan bayanin bai yi daidai a kan ƙwayar mai hoto ba, bai yi daidai a kan tamu ba, kuma jiya da na sa aka duba mini yana nan a shafinsu ba a taɓa ko harafi ba. Na rasa wanda zan ce ya ci gardamar. Abin da na lura shi ne wanda ya rubuta bayanin nan, mutum ne ko na'ura, bai san mai hoto ba, bai san mu ba, kuma ba zai taɓa jin labarin abin da ya jawo ba. Wannan yana damuna fiye da yadda na zata, kuma katin sakamakon bana ya ɗauke ni lokaci sosai kafin na gama cikewa.

Ni na faɗa wa Baba. Yana zaune a kujerarsa ta tsakar gida yana yanke farce. Ya saurare ni har na gama, ya yi mata addu'a, ya ce shi dama bai taɓa niyyar sauraro ba, ba zai iya ba. Amma ya ce duk lokacin da ya wuce ta ƙofar ɗakinka yakan tuna tana ciki. Daga nan ya ci gaba da yanke farcensa. Bai yi wa Yaya faɗa ba, kuma ina ganin da ya yi da Yaya ya fi samun sauƙi.

Waccan baiwar Allah ce ta sake rubutowa, wannan karon kai tsaye ga Yaya. Ta ce ƙwayar abin da take gani kawai take ci, ya daina bin fayilolin da suka lalace, ya nemi abin da mai kwamfutar ya taɓa gogewa da hannunsa, don abin da aka goge yakan daɗe kwance a cikin faifai in ba a zuba wani abu a kansa ba. Ya nema. Cikin tarkacen da ka zubar tun tuni ya tsamo guda ɗaya mai rai. Gajere ne ƙwarai. Ina jin ranar farko ce da kake gwada ɗaukar, shi ya sa ka ga ba shi da amfani ka goge. Ana jin ƙarar cokali a tukunya, kana ce mata ta yi magana don ka ji ko yana ɗauka. Ta ce ita me za ta ce. Ka ce ko ma mene ne. Sai ta yi dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari, ta ce ka kashe wannan abin ka zo ka ci abinci tun bai huce ba, kullum kai da Yayanka kuna maƙale da na'ura kamar ita ta haife ku. Iyakarsa ke nan. Yaya ya kunna mini a shago, ya fita waje ya tsaya yana kallon titi har ya ƙare. Ni kuwa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita. Yana cikin ɗan katin ajiya na waya da na naɗe a takarda na manna a kusurwar ambulan ɗin nan, ka lura kada ka yar da shi. Yaya ya yi kwafinsa a wurare da dama, kowanne ya cire ya ajiye dabam.

Auta, ban rubuto don in ce ka yafe ba. Wannan tsakaninka da zuciyarka ne, kuma kana da haƙƙin yin fushi, don kai ne ka zauna a gefen gadonta ka ɗauki waɗannan hirarraki lokacin da mu muke ganin wasa kake yi. Abin da nake roƙo shi ne ka kira shi. Ya buɗe shago yana aiki, amma ya rame, kuma na sha ganin ya latso lambarka ya kashe kafin ta shiga. In ka kira kada ka ce masa ba komai. Na san ka, za ka haɗiye ka ce ƙaddara ce, ku yi sallama, ka koma kana gaishe shi sama-sama har tsufa, shi kuma zai gane tun daga muryarka. Ka faɗa masa yadda abin ya yi maka, ba ƙari ba ragi. In faɗa ne ka yi, in kuka ne ku yi tare. Sannan ka tuna labaran da ta ba ka kai kaɗai ka ji su, mu ba mu saurara ba, muna cewa sai wata rana. Yanzu babu su a ko'ina sai a kanka. In kun gama faɗan ka ba shi labari ɗaya, ni ma ka ajiye mini nawa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko, ka shafa mini kan takwara. Ka kula da Kawu, kada ka bar shi ya fita shi kaɗai, ka san shi da ɓacewa ya ce hanya ce ta canza. Baba yana sa muku albarka. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran hoton da aka ɗauke ku ku uku. Maigidana da yara suna gaisuwa, matar Yaya da nata yaran ma haka. Na tambayi Yaya ko in rubuta cewa yana gaishe ka, ya ce in rubuta cewa yana jira.

Allah ya jiƙan Umma, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka, malamar aji huɗu.